Wayar Da Aka Ce Ruwa Ba Ya Shigarta

Duk wanda ya ratsa kasuwar waya ta Computer Village da ke Ikeja a Legas, ko ta Farm Centre a Kano, ko ta Banex a Abuja, da wuya ya fita bai ji wani ɗan kasuwa yana rantsuwa cewa hajarsa ruwa ba ya shigarta, in ta faɗi kuma ba ta fashewa ba. In mai saye ya nuna alamar shakka, sai a juya masa bayan kwali, a nuna masa haruffa biyu da lambobi biyu, IP67 ko IP68, a ce ai ga shaida nan daga masu ƙira. Galibi daga nan ciniki ya faɗa. Ba za a ce ɗan kasuwan ya shara ƙarya ba, tun da yake abin da aka rubuta ya karanta. Sai dai abin da lambobin nan ke nufi bai kai abin da kunnen mai saye ya ji ba, kuma tazarar da ke tsakanin biyun ita ce ke cinye kuɗin bayin Allah kowace damina.

Maganar kuwa ta wuce wasa. A da, in waya ta lalace, abin da aka rasa bai wuce lambobin 'yan'uwa da abokai ba. Yanzu ita ce asusun ajiya, ita ce shago, ita ce littafin bashi. Tun lokacin ƙarancin takardun Naira a farkon 2023 mai shayi da mahauci suka koyi karɓar kuɗi ta waya, sa'an nan faɗuwar darajar Naira daga tsakiyar shekarar ta ɗaga farashin kayan da ake shigowa da su. Ma'aikacin da ke kan mafi ƙarancin albashi, watau Naira 70,000 da aka amince da ita a 2024, sai ya haɗa albashin wata biyu ko fiye kafin ya mayar da matsakaiciyar wayar da ta faɗa kwata. Saboda haka ya kamata a san ainihin abin da aka yi alkawari da abin da ba a yi ba.

Haruffan IP sun fito ne daga wani ma'auni na ƙasa da ƙasa mai lamba IEC 60529, wanda aka tsara domin kayan lantarki baki ɗaya. Lamba ta farko tana magana ne a kan ƙura da tarkace, daga 0 zuwa 6, kuma 6 na nufin ƙura ba ta shiga sam. Lamba ta biyu ita ce ta ruwa. In ta kasance 3 ko 4, abin da wayar za ta iya jurewa yayyafi ne da fantsama kawai, wayoyi masu sauƙin kuɗi da yawa kuwa nan suka tsaya, wasu ma ba su da lamba ko ɗaya. In ta kasance 7, an nutsar da wayar a ruwa mai zurfin mita 1 na tsawon minti 30 ta fito da rai. In 8 ce, zurfin ya wuce mita 1, amma kamfani ne da kansa ke faɗin iyakarsa. Shi ya sa Galaxy S7 ta 2016 da iPhone 12 ta 2020 duk IP68 suke ɗauke da ita, alhali ta farko mita ɗaya da rabi aka yi mata alkawari, ta biyu kuwa mita 6. Inda aka ga harafin X a madadin lamba, ba a gwada wannan ɓangare ba ke nan.

To, wane irin ruwa aka yi gwajin da shi? Nan ne gizo ke saƙar. Ruwa ne garai, a kwance cikin tanki, ba sanyi ba zafi, babu gishiri babu sabulu, aka sa sabuwar waya fil a hankali, aka kuma cire ta a hankali. Mai karatu ya duba irin ruwan da waya ke gamuwa da shi a rayuwa: kumfar wanki, ruwan miya, shayi mai zafi, gumin aljihu, ruwan kwatami mai laka, ruwan teku mai gishiri, ko ruwan saman da ke dukan ɗan acaba yana gudu a kan titi. Sabulu yana sa ruwa ya ratsa ƙofar da ruwa zalla ba zai iya ba. Gishiri yana cin ƙarfe. Ruwan da ke tafe da ƙarfi, kamar na famfo ko na tiyo, gwajinsa daban ne, kuma bisa ga ƙa'idar ma'aunin, cin gwajin nutsarwa bai nuna an ci gwajin feshi ba. Tururin banɗaki ma ba ya cikin lissafi.

Yadda ake hana ruwa shiga ba wani sihiri ba ne. Ana manna gilashin gaba da murfin baya a jikin firam da gam mai ƙarfi, a sa 'yar roba kewaye da gurbin sim da maɓallan gefe, a toshe bakin lasifika da makirfo da wata irin rariya mai ƙananan huda wadda iska da sauti ke ratsawa amma ɗigon ruwa ba ya wucewa. Shi ke nan. Gam da roba kuwa kowa ya san halinsu: suna tsufa. Kamfanin Apple ya ce wayoyinsa an yi su ne domin aiki a zafin da bai wuce digiri 35 ba, ga shi kuwa a watan Afrilu zafin Sakkwato ko Maiduguri kan haura 40, ballantana cikin motar da aka ajiye a rana. Zafi yana sassauta gam. Batirin da ya kumbura saboda tsufa ko mugun caja yakan tura murfin baya ya ɗaga shi kaɗan, yadda ido ba zai lura ba. Faɗuwa ɗaya, ko da gilashi bai tsage ba, tana iya lanƙwasa firam ta buɗe hanya. Kamfanonin da kansu sun rubuta, da ƙananan haruffa, cewa wannan kariya ba ta dindindin ba ce, tana raguwa da amfani. Watau lambar da ke bayan kwali shaidar lafiya ce ta ranar da wayar ta bar masana'anta.

Wannan ya shafi masu saye a ƙasar nan fiye da na Turai, domin kaso mai yawa na manyan wayoyin da ke hannun jama'a na hannu ne, irin waɗanda 'yan kasuwa ke jingina wa Landan ko Amurka. Da yawansu an riga an buɗe su an canja batir ko gilashi kafin su iso. Da zarar an ɗaga murfi, gam na asali ya tashi aiki. Manyan cibiyoyin gyara suna da sabon gam da aka yanka daidai kowane samfuri, da injin matsewa, wasu har da na'urar gwada ko iska na fita. Mai gyara na bakin titi, duk da gwanintarsa, wadda ba a raina ta ba, abin da ke hannunsa ɗan bututun gam ne da robar ɗaurewa. Wayar za ta yi aiki sumul, amma batun IP68 ya zama tarihi, ko da kuwa kwalin yana nan yana faɗa.

Abin da ya fi ba da mamaki shi ne, kamfanin da ya nuna wayarsa tana iyo a talla, shi ne kuma ba ya karɓar ta a garanti in ruwa ya lalata ta. A cikin wayoyi akwai wata 'yar takarda fara, a iPhone tana cikin gurbin sim, wadda kan rikiɗe ta koma ja in ruwa ya taɓa ta. Mai gyaran kamfani da ya haska ya ga ja, magana ta ƙare, sai biya. A 2013 Apple ya amince ya biya dala miliyan 53 domin sasanta wata ƙara a Amurka, bayan masu saye sun yi kukan cewa an hana su garanti bisa shaidar irin wannan takarda, alhali laimar iska kaɗai na iya canja launinta.

Hukumomi a wasu ƙasashe ba su naɗe hannu ba. A watan Nuwamba na 2020 hukumar kula da gasar kasuwanci ta Italiya ta ci Apple tarar Yuro miliyan 10, bisa dalili biyu: na farko, ya yi tallar cewa wayoyinsa, daga iPhone 8 zuwa jerin iPhone 11, suna jure ruwa, ba tare da ya bayyana cewa a ɗakin gwaji ne da ruwa mai tsabta a kwance ba, na biyu, ya ƙi gyara su a garanti in ruwan ya shiga. A watan Yuni na 2022 kuma kotun tarayya ta Ostareliya ta umurci reshen Samsung na ƙasar ya biya dalar Ostareliya miliyan 14, saboda tallace-tallacen da ya yi tsakanin 2016 da 2018 masu nuna ana shiga tafkin wanka da teku da wayoyin Galaxy. Kamfanin ya amsa cewa in aka sa irin waɗannan wayoyi a caji alhali bakin cajin na jiƙe da ruwan gishiri ko na tafkin wanka, yana iya yin tsatsa ya daina aiki. Wayoyin da abin ya shafa sun haura miliyan 3 a wannan ƙasa kaɗai.

A cikin wannan shari'a akwai darasi ga duk wanda wayarsa ta jiƙe. Ruwa shi kaɗai ba ya kashe waya nan take. Haɗuwarsa da wutar lantarki ce ke yin ɓarna, domin tana gaggauta tsatsa a kan siraran layukan tagulla da ke cikin injin. Saboda haka abu na farko shi ne a kashe wayar, kada a yi ta kunnawa ana dubawa ko ta farfaɗo, kada kuma a kusantar da ita ga caja. A goge ta, a karkata bakin caji ƙasa a ɗan bubbuga a tafin hannu, a ajiye ta inda iska ke kaɗawa. Shanya ta a rana tsaka ko ɗora ta a kan janareto mai zafi cutar da batir ne. Batun binne waya cikin shinkafa kuwa, wanda ya zama kamar gadon kaka, Apple da kansa ya rubuta a shafinsa na taimako cewa kada a yi, don ɓarɓashin shinkafa na iya shiga ya ƙara lalata ta. Shinkafa ba ta jawo ruwan da ya riga ya kwanta ƙarƙashin injin, illa dai ta sa mai waya ya ɓata kwana biyu yana jira, tsatsa kuwa tana aikinta. In ruwan datti ne ko na gishiri, gara a kai wa mai gyara a ranar, ya cire batir ya wanke injin da sifirit.

Wannan ke nan game da ruwa. Faɗuwa kuma labarinta daban, a nan ne dattawa kan tuna da Nokia. Lokacin da layukan GSM suka fara aiki a Nijeriya a 2001, Nokia 3310, wadda ta fito a 2000, tana tashe. An sayar da kimanin miliyan 126 nata a duniya. Ƙanwarta mai tocila, 1100 ta 2003, ta kai wajen miliyan 250. In ɗayansu ta faɗi, murfi ya yi gabas, batir ya yi yamma, mai ita ya tsince ya harhaɗa ya ci gaba da magana. Wannan tarwatsewa ita ce sirrin ƙarkonta, domin ƙarfin bugun yana bin sassan da suka watse ya tafi. Ga ta da nauyin giram 133 kacal, jikinta roba, fuskarta ba ta fi akwatin ashana ba. Babbar wayar yau takan wuce giram 200, gabanta gilashi ne daga kusurwa zuwa kusurwa, bayan masu tsada ma gilashi ne, domin cajin da ba ya bukatar igiya ba ya ratsa ƙarfe. An manne kome wuri ɗaya, bugun ba shi da wurin zuwa sai cikin gilashi. Abin lura, manne waya da gam don a hana ruwa shi ne kuma ya sa buɗe ta domin gyara ya yi wuya ya yi tsada. Ba dole ba ne a sayi ɗaya da ɗaya: Galaxy S5 ta 2014 tana da IP67, kuma ana ɓalle murfinta da farce a canja batir. Masu ƙira ne suka zaɓi siranta da ƙyalli.

Gilashin kansa ba irin na taga ba ne. An so a fito da iPhone ta farko da fuskar roba, sai aka ga makulli na ƙarzar ta a aljihu, aka koma ga kamfanin Corning na Amurka ana saura 'yan watanni a fara sayarwa a 2007. Dabarar da Corning ya farfaɗo da ita tun shekarun 1960 yake da ita. Ana tsoma gilashin cikin narkakken gishirin fotasiyam mai zafin kusan digiri 400, sai ƙananan ƙwayoyin sodiyam su fita daga fatar gilashin, manyan ƙwayoyin fotasiyam su cusa kansu a gurbinsu. Cunkoson da wannan ke haifarwa yana matse fatar, ta yadda in ƙaramar tsaga ta so buɗewa sai a danne ta. Sai dai fatar nan siririya ce ainun, ba ta wuce kaurin silin gashi ɗaya ko biyu ba. Duk abin da ya huda ta ya kai ciki, to, gilashi ya koma gilashi.

Shi ya sa inda waya ta faɗi ya fi tsayin da ta faɗo muhimmanci. Tana iya faɗowa daga saman kabad kan leda ko tabarma ta tashi lafiya, ta kuma zame daga cinyar mai zaune a benci ta dira kan tsakuwa ta yi raga-raga. Corning da kansa, da ya fito da gilashin Victus a 2020, mita 2 ya ambata a gwajinsa. Da ya fito da Victus 2 a ƙarshen 2022 ya gwada shi a kan abin da ya yi kama da kankare, mita 1 ya ambata. Akwai kuma maƙiyin da ba a cika lura da shi ba, watau yashi. Galibin ƙwayoyin yashi ƙanƙarar dutse ce, wadda ta fi gilashin waya tauri, alhali makulli da kwabo ba su kai shi ba. Ƙwaya ɗaya a aljihu, ko goge fuskar waya da gefen riga lokacin hunturu ƙura na kanta, ya isa ya bar ƙananan zane. Kowane zane kuwa ƙofa ce da tsaga za ta fara daga gare ta ranar da wayar ta faɗi. Mutum ya ce ai 'yar faɗuwa kaɗan ta yi, bai san watanni aka yi ana share wa fashewar hanya ba.

Wasu kwalaye kuma suna ɗauke da wata shaidar, MIL-STD-810, a ce wai ma'aunin sojan Amurka ne. Gaskiya ne takardar ta ma'aikatar tsaron Amurka ce, amma kundin hanyoyin gwaji ce kawai, babu wani soja da ke duba wayar kasuwa ya buga mata hatimi. Gwajin faɗuwa da aka fi ambata a ciki shi ne a saki kaya sau 26 daga tsayin santimita 122, a kan kowace fuska da gefe da kusurwa, kuma an yarda a raba faɗuwar nan 26 tsakanin kaya har guda 5. Kamfani ne ke zaɓen gwajin da zai yi, shi ne kuma ke ba da labarin sakamako. Gidan roba mai kaurin kusurwa, wanda bakinsa ya ɗan ɗara gilashi tudu, tare da gilashin kariya da ake mannawa a sama, sun fi wannan rubutu amfani nesa ba kusa ba, kuma kuɗinsu bai kai rabin rabin kuɗin canja fuska ba. A wayoyi masu tsada, canja fuska ta asali kan kai kuɗin sabuwar ƙaramar waya.

Tarayyar Turai ta ga cewa barin mai kaya ya yabi kayansa ba zai kai ko'ina ba, sai ta kafa doka, wadda ta fara aiki ran 20 ga Yuni, 2025. Duk wayar da za a fito da ita kasuwa a ƙasashen tarayyar tilas ta jure faɗuwa 45 ba tare da gida ba, in ba mai naɗewa ba ce, ta jure fantsamar ruwa, batirinta kuma ya riƙe kashi 80 cikin 100 na ƙarfinsa bayan caji 800. Tilas kamfani ya ci gaba da samar da kayan gyara har shekara 7 bayan ya daina sayar da samfurin, da sabunta manhaja na aƙalla shekara 5. An kuma wajabta wata takarda irin wadda ake liƙa wa firiji, mai nuna darajar wayar wajen jure faɗuwa daga A zuwa E, da darajarta wajen sauƙin gyara, da lambarta ta IP. Wadda ta sami A wajen faɗuwa, ta jure sau 270 ke nan. Hanyar gwajin ɗaya ce ga kowa, saboda haka mai saye yana iya ajiye waya biyu ya kwatanta.

A nan gida, kayan aikin suna nan. Hukumar sadarwa ta NCC ita ke amincewa da samfurin waya kafin a sayar da shi bisa ƙa'ida, akwai hukumar ingancin kaya ta SON, akwai kuma hukumar FCCPC da dokar 2018 ta kafa domin kare masu saye, dokar da ta hana tallar yaudara. Kasuwar Nijeriya ba ƙarama ba ce da za a ce kamfani zai yi fushi ya tafi. Tecno da Infinix da itel, waɗanda duk na kamfanin Transsion ne na birnin Shenzhen a ƙasar Sin, a Afirka suka yi suna suka yi arziki. Ba abin da zai hana a wajabta wa duk mai tallar jure ruwa ya rubuta, da manyan haruffa, da Hausa da Yarabanci da Ibo da Turanci, irin ruwan da yake nufi da kuma ko garantinsa ya haɗa da shi. Haka nan mai sayar da ta hannu ya faɗa a rasit ko an taɓa buɗe ta. Wannan ba ya bukatar ɗakin gwaji ko kuɗin waje, takarda ce da sa ido.

Kafin a kai ga haka, takardar nan ta Turai tana da ɗan amfani ga mai saye a Kano ko Legas, domin sakamakon yana cikin wata rajista mai suna EPREL da kowa ke iya buɗewa a intanet ya nemi samfurin da yake so. Sai dai wayoyin da ake sayarwa a Turai ne kawai ke ciki. Samfura da yawa da suka cika shagunan Farm Centre da Ikeja an ƙera su ne domin kasuwannin Afirka da Asiya, ba za a same su a can ba, kuma su ne galibi ke aljihun mai shayi da ɗan acaba.